Ƙashin Mahauci

Batsari, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashiyata Mahfuza, ta ɗakin gwajin asibiti a Safana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Nu'uman da yara. Ya aiki, ya kuma haƙuri da wannan zama da muke ciki? Mu nan alhamdu lillahi. Gero ya nuna, an fara girbi a gonakin da ke jikin gari. Na nesa kuwa sai dai a hango su.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Ni ne Hashimu mahauci, jikan Malam Gambo wan kakarki Nana Hadiza, in dai zaman ofis bai mantar da ke dangi ba. Tun da aka yanke layin waya ba mu da bakin magana da kowa, shi ya sa na nemi biro. Ya'u mai a-kori-kura zai kawo maki. Yana bi ta Runka duk Talata da Asabar in hanya ta yi kyau.

Jikina ne ya sa na rubuto. Tun kakar bara nake ramewa a hankali, bayan Babbar Salla abin ya tsananta, alhali ina ci kamar mutum biyu. Matata Ramlat ta rage mani ƙugun wando sau biyu. Ga zufa ko da sanyin safiya. Zuciya na bugu kamar na yi tsere, hannu na rawa har na fara tsoron wuƙata. Sannan mako uku da suka wuce wani rago, ba ma babba ba, ya ture ni na dafa ƙasa da hannun hagu, sai na ji ƙas. Shekara talatin ina kayar da bijimi ban taɓa karaya ba. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce ƙashin ya yi mashi kama da na ɗan tamanin, ni kuwa hamsin da biyu gare ni.

Abin da ya fi damuna ban faɗa wa kowa ba. Na zama mafaɗaci. Shekaranjiya na daka wa Ramlat tsawa a kan gishiri, matar da muka shekara ashirin da shida ban ɗaga mata murya ba. Sai kawai ta ɗauke kwanon ta kawo wani. Da ta rama da ya fi mani sauƙi.

Mutane na ta faɗi. Wasu sun ce sammu, wasu ciwon suga, wasu kuma sai na juya baya suke faɗin nasu. Ki aiko mani da maganin ƙarin jini mai kyau, irin wanda kuke ɓoye wa 'yan'uwa.

Naki,
Hashimu

Safana, 18 ga Satumba

Yaya Hashimu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, yana yi maka sannu da jiki. Ban manta dangi ba. Ta yaya zan manta wanda ya bi ni da kan akuya a bikin da aka yi a Karare ina 'yar shekara shida?

Ba zan aiko da maganin ƙarin jini ba. Kafin in karanta abin da ka rubuta, na kalli yadda ka rubuta shi. Kowane harafi karkarwa yake yi. Na haɗa wannan da ramar, da cin, da zufar, sai raina ya tafi wuri ɗaya.

Akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu a gaban maƙogwaro, likitoci na ce mata tayirod. Ka fi ni saninta, kullum kana ganinta a wuyan sa, ja mai duhu, manne da bututun numfashi. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta fitar da wani sinadari da ke gaya wa jiki saurin da zai yi aiki. In ta zarce, sai komai ya kama gudu: zuciya, hanji, hannu, har haƙuri. Don haka faɗan nan ba halinka ba ne, ka gaya wa Yaya Ramlat inji ni. Amma duk da haka ka ba ta haƙuri, kunnenta bai san da wata tsoka ba.

Ka tsaya gaban madubi ka kurɓi ruwa, ka duba ko akwai kumburin da ke hawa yana sauka a wuyanka. Ka tambaye ta ko idanunka sun ƙara fitowa.

Zato nake yi, ban tabbatar ba, kuma mu nan ba mu da kayan wannan gwaji. Ka tafi babban asibiti a Katsina cikin makon nan. Na haɗo da 'yar takarda zuwa ga Rahma, tare muka yi karatu, tana ɗakin gwajinsu. Ka gaya wa likita zancen karayar, kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. Shi ya fi tsaya mani a rai.

Ƙanwarka,
Mahfuza

Batsari, 2 ga Oktoba

Mahfuza,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Hannun ya daina zogi, mai ɗori ya ce saura mako biyu a kwance karan.

Zatonki ya ci. Ramlat ta ce ta daɗe da ganin kumburin da idanun, tsoron faɗana ne ya hana ta magana. Wannan ma ya ishe ni kunya. A Katsina aka ɗebi jinina, likita ya ce tsokar nan ce. Ya ba ni ƙwaya iri biyu, ɗaya ta rage mata gudu, ɗaya ta kwantar da bugun zuciya. Ya ja mani kunne cewa in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in dakata da ta farkon in zo a ranar.

Da ya ji labarin ragon, sai ya aje biro. Ya ce yana son fitsarina na yini da kwana, kada ɗigo ya ɓace. Rahma ta ba ni jarka, ta ce kwana biyu kafin in fara in tsaya kan tuwo da kunu kawai. Mahfuza, ni da nake salla a sahun gaba, na koma ina tara najasa kamar mai tara man gyaɗa. Sai da na tambayi liman a ɓoye. Ya ce lalura ce, in dai kiyaye tufafina. Ramlat ta aje jarkar bayan ɗaki cikin jiƙaƙƙen yashi, ba ta ko murmusa ba, Allah ya saka mata.

Ranar da zan mai da ita, a wani shinge, jami'i ya hango ta tsakanin ƙafafuna. Kin san an hana yawo da mai a jarka.

Ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

Na ce, "Kayan asibiti ne."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa. Buɗe."

Na ce, "Ɗana, da ka bar ta."

Bai bari ba. Ya kwance murfi ya kai hanci. Ban taɓa ganin an miƙa wa mutum kayansa da sauri haka ba. Har "Allah ya ba da lafiya" ya yi mani, yana tsaye can nesa.

Ga takardar sakamako na haɗo. Likita ya yi bayani, amma rabi da Turanci, kuma mutane sun cika ƙofa. Na ga ya zagaye wata lamba da jan biro. Ki fassara mani da Hausar gidanmu.

Hashimu

Safana, 5 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Ya'u ya ce ba zai jira ba. Labarin jarka ya sa na yi dariya har abokan aikina suka leƙo.

Ga abin da jan biro ya zagaye. Ƙashi ba dutse ba ne, rayayye ne. Ka ɗauke shi kamar katangar laka. Kullum akwai masu kankare tsohon yaɓe, bayansu akwai magina masu cikewa da sabo. A lafiyayyen mutum, daga kankarewa zuwa gama ciko a wuri guda yakan ɗauki wata shida ko bakwai, kuma abin da aka cire shi ake mayarwa. In sinadarin wuya ya yi yawa sai ya kora su duka biyun, lokacin ya ragu zuwa kusan rabi. Rushewa ta fi gini sauri, sai a koma wani wuri ba a gama cike na baya ba. Kowane zagaye katanga na ƙara sirancewa. Shi ya sa ƙaramin rago ya karya ka.

Abin da aka kankare yana bi ta jini, ƙoda ta tace shi. A cikinsa akwai wani ɓurɓushi mai suna haidiroksi-furolin, shi aka auna a jarkarka. Naka ya ninka na lafiyayye kusan sau uku. Wato kashinka yana zaizayewa yana fita ta fitsari fiye da yadda jiki ke mayarwa.

Kada ka ɗauki kaya mai nauyi, kada ka hau babur. Sauran bayani sai ta gaba, ga shi can yana ta danna hon.

Mahfuza

Batsari, 9 ga Oktoba

Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara ɗaya bayan ɗaya.

Na karanta. A layin da ya fi nauyi kin manta lanƙwasar harafi, kika rubuta kashi maimakon ƙashi. Na yi dariya, sannan na ce ina ma shi ɗin ne.

Ba sai kin ɓoye mani sauran ba, na gane abin da ya sa kika taƙaita. Wannan aikina ne. Na sha yanka tsohuwar saniya in tarar ƙashin ya zama kamar rogo, wuƙa na shiga ba gardama. Dabbar da ta kai haka ba ta ganin wata kakar. Yanzu duk sanda na shiga bayi sai in tsaya ina kallon ƙasa, in ce ga wani yankina nan ya tafi.

Ban ɗaga hankalin kowa ba, amma na fara kintsawa. Na naɗe wuƙaƙena uku da gatari na kai wa Rabi'u, abokin rumfata. Da ma tun da aka tsai da cinikin dabbobi ba wani aiki muke ba. Na ce mashi ajiya ce. Ya dube ni, ya tura ƙullin ƙarƙashin teburi. Na nemi gafarar Ramlat bayan sallar la'asar, ta ce, "Malam, me ka gani?" Na ce babu. Ta ce, "To ni ban yafe ba sai ka faɗa." Sai na karanta mata takardarki.

Ke ma ki yafe mani. Shekara goma sha ɗaya tun rasuwar Nana Hadiza ban tako Safana ba, sai da na ji ciwo na tuna ina da ƙanwa.

Tambaya ɗaya gare ni. Ɗiyata Maijidda da ke aure a Karare tana da cikin fari, ana sa ran haihuwa tsakiyar watan gobe. Ki gaya mani gaskiya, ba irin ta asibiti ba. Zan kai?

Yayanki,
Hashimu

Safana, 12 ga Oktoba

Yaya Hashimu,

Za ka kai, in Allah ya yarda. Za ka kai wannan, ka kai na bayansa. Na fara da amsa kafin gaisuwa don kada ka ƙara minti ɗaya cikin wannan tunani.

Laifina ne. Na ba ka rabin magana saboda hon ɗin mota. Ga ragowar rabin.

Kowane ɗan Adam yana fitar da wannan ɓurɓushi a fitsari, ni ma, Yaya Ramlat ma, liman ma. Naka yawa ya yi, kuma mun san abin da ke kora shi, ga shi an riga an kama linzaminsa da ƙwayar da kake sha. In sinadarin wuya ya sauka, masu kankara su ne ke fara lafawa, cikin makonni. Magina kuwa ba sa tsayawa, sukan ci gaba da aiki wata da watanni suna cike ramukan da aka bari. Saniyar da kake faɗa ba wanda ya ba ta magani. Ba zan ce maka duk abin da ya tafi zai dawo ba, amma mai yawa yana dawowa, kuma ba wannan ne ke kashe mutum ba.

Ka sha nono, ka ci zogale da wake, ka riƙa tafiyar ƙasa da hantsi. Kada ka tsallake ƙwaya ko ka ji sauƙi. Tsakiyar watan gobe za a sake gwajin jini da na jarka. Kwana biyu kafin ka fara tarawa kada ka ci nama.

Ka je ka karɓo wuƙaƙenka.

Ƙari, 2 ga Nuwamba. Yaya, yau mako uku wannan takarda tana cikin jakata. Ranar da na rubuta ta aka tare hanya bayan Runka, Ya'u ya aje mota, ba wanda ya ƙara bi. Na kwafe ta na ba wani mai zuwa Katsina ta Dutsin-ma ko zai sami ɗan Batsari, ban san inda ta kwana ba. Kullum in na buɗe jaka na gan ta sai abinci ya fita raina, ina tuna kana can kana ƙirga kwanaki da tambayarka a hannu. Yau Ya'u ya ce zai gwada. Allah ya kai shi lafiya, ya same ka lafiya.

Mahfuza

Batsari, 6 ga Nuwamba

Mahfuza,

Sallama. Takarda ta iso ranar Talata da yamma, kwafin kuwa har yau yana yawon duniya. Muna lafiya, mun ji abin da ya faru a hanya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba zan yi maki ƙarya ba, makonnin nan sun yi tsawo. Shirunki na ɗauke shi amsa. Na ce yarinyar nan ta rasa yadda za ta faɗa ne. Abin mamaki, a cikin kwanakin nan jikina sauƙi yake yi, rawar hannu ta ragu, ina barci, amma na ce ai fitila ma takan ƙara haske in mai zai ƙare.

Na karanta layin farko a tsaye a zaure, sai na zauna na sake karanta shi. Na shiga na karanta wa Ramlat duka. Ta ce in maimaita wurin magina. Na maimaita. Ta ce, "To in dai suna nan suna aiki, ni zan kai masu laka." Ta juya ta shiga madafi, na ji tana jan hanci, ta ce hayaƙi ne. Ba a ko hura wuta ba.

Na je wurin Rabi'u. Kafin in buɗe baki ya jawo ƙullin daga ƙarƙashin teburi, ɗaurin da na yi ko kwance shi bai yi ba. Ya ce, "Na gaji da gadin kayan mutumin da ke da rai."

Kada ki ƙara cewa laifinki ne. Taubashiya ce ta rama kan akuya, mun yi daidai.

Hashimu

Safana, 23 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Ramlat. Me ake ciki a Karare?

Rahma ta aiko mani da sakamakon gwajin makon jiya. Wannan karon zan faɗa maka duka, har da abin da ban sani ba, don na ga abin da rabin magana ya jawo.

Na jini ya yi kyau ƙwarai. Sinadarin wuya ya sauko kusa da daidai. Amma na jarka bai sauka ba. Ya ma ɗara na farko kaɗan. Bai kamata ya zama haka ba bayan mako takwas kana shan magani. Na juya takardar nan ta kowace fuska. Ko dai an yi kuskure wurin tarawa ko aunawa, ko kuma akwai wani abu dabam da ke cin ƙashin wanda ba wuya ba ne. Likita ya ce in an maimaita ya fito haka, za a ɗauki hoton ƙashin bayanka da ƙugu, a yi wasu gwaje-gwajen. Ban ce akwai wani abu ba. Na ce ban sani ba, kuma rashin sanin ya hana ni sukuni. Malam ya ce in bari sai an maimaita kafin in rubuto, na ce na yi maka alkawarin gaskiya.

Ka amsa mani waɗannan. Kana jin ciwo a baya ko haƙarƙari wanda ba ya lafawa ko ka kwanta? Nauyinka yana dawowa? Ka tsallake ƙwaya? Sannan ka rubuto mani duk abin da ya wuce ta maƙogwaronka a kwana ukun nan na gwaji, ko saiwa ce, ko rubutu, ko goro. Kada ka ji kunyata, kada ka rage komai.

Ƙanwarka,
Mahfuza

Batsari, 27 ga Nuwamba

Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Albishirinki. Maijidda ta sauka lafiya, mace, an yi suna ranar Laraba. Ni na yanka ragon da hannuna, na feɗe shi, wuƙa ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Da aka miƙo mani jaririyar sai da na zauna tukuna, na ce kada ƙashin kaka ya ba da kunya.

Takardarki ta taɓa ni, amma ban firgita kamar wancan karon ba, don kin faɗa mani duka. Ga amsa. Baya ba ya ciwo. Wando ya fara matse ni, Ramlat na shirin kwance ɗinkin da ta yi. Ƙwaya ban tsallake ko ɗaya ba, ita ke miƙo mani da ruwan alwala. Saiwa ban sha ba.

Abinci kuwa, na bi umarninki sak. Kwana biyu kafin jarka da ranar jarkar ban sa nama a bakina ba, ko tsoka ɗaya. Da safe kunu da ƙosai. Da rana fura da nono. Da yamma tuwon dawa. Sai romon da nake sha kullum, wanda ba nama ba ne. Tun ranar da na karanta mata zancen magina, Ramlat ke dafa mani ƙafar sa. Rabi'u ke samo mata, duk da wuyar da dabba ta yi. Tana ɗora ta tun safe har la'asar, da ganda, wani lokaci da kai, har sai romon ya yi danƙo yana kama leɓe. Kwano biyu nake sha, safe da yamma. A kwanakin gwaji ma ta ƙara mani na uku, tunda an hana ni nama, kada in rasa ƙarfi.

Shi ke nan, sai goro ɗaya da na ci a wurin liman.

In hoton ne a ɗauka. Na ga jikata, sauran na Allah ne.

Hashimu

Safana, 30 ga Nuwamba

Yaya Hashimu,

Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya.

Na karanta takardarka a bakin famfon ɗakin gwaji. Da na zo kan ƙafar sa sai na zauna a ƙasa, ina dariya hawaye na zuba, har wata ta kawo mani ruwa.

Yaya, danƙon nan da ke kama maka leɓe, shi ne ainihin abin da ake saƙa ƙashi da fata da jijiya da shi. Ɓurɓushin da muke aunawa daga jikinsa yake fitowa. Gwajin ba ya bambance na mutum da na dabba. Kwano uku a rana. Ba ƙashinka Rahma ta auna ba, na bijimin Rabi'u ne.

Kuma a nan ma ni ce. Na rubuta wa mahauci "nama", na manta a wurinku nama tsoka ce kawai, ƙafa da kai da ganda kowanne da sunansa. Ga shi yanzu dalla-dalla: kwana biyu kafin jarka da ranar jarka, ba tsoka, ba ƙafa, ba kai, ba ganda, ba kayan ciki, ba kifi, ba kaza, ba romon kowane abu mai rai. Na rubuta wa Rahma ta shirya maka wata jarkar. Sai mun ga lambar kafin in saki jiki gaba ɗaya, amma yau zan ci abinci.

Wannan sashen na Yaya Ramlat ne, ka karanta mata shi yadda yake. Yaya, ba ki ɓata komai ba. Romonki bai cutar da shi ba, ya taimaka wurin mayar mashi da jiki. Takarda kawai ya ruɗa, ita kuwa takarda ana sake ta. In an gama gwaji ki mai da tukunyarki kan wuta. Mu muna auna abin da ya fita, ke ce kike zuba abin da ya shiga.

Taku,
Mahfuza

Batsari, 14 ga Disamba

Mahfuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Nu'uman, ina mashi godiya da haƙurin da ya yi da mu.

An maimaita. Kwana uku na yi kan tuwo da miyar kuka tsura, kamar mai horo. Lambar ta faɗo ƙasa da rabin ta farko. Likita ya ce saura kaɗan ta shiga layin lafiyayyu, ba sai an ɗauki hoto ba. Ya nuna mani wata lamba a takardar jini da ta hau, ya ce wannan ta masu gini ce, hawanta alheri ne a yanzu. Na ce mashi na san su, ƙanwata ta gabatar mani da su. Ya ce in ci gaba da ƙwaya shekara ɗaya ko fiye, in riƙa zuwa ana dubawa, kuma in bar wa matasa kayar da bijimi tukuna. Na amsa, ko da yake ban ji daɗi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Wadda ta miƙo maki wannan takarda Ramlat ce. Na hana, na kawo zancen hanya, ta ce godiya irin wannan ba a ba direba ita. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa yi mani musu ba sai a kanki.

Ba ta iya karatu ba, don haka ba ta san abin da ke ƙasan nan ba. Jiya tana ɗaura kaya na ga awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Na tsaya na dube ta sosai, abin da na daɗe ban yi ba, don wata uku ba na kallon kowa sai kaina. Mahfuza, ramar da na aje ita ta ɗauka. Na tambayi Maijidda, da ke nan gida tun kafin ta haihu, ta ce tun da aka fara dafa ƙafar nan uwarta ba ta taɓa zuba wa kanta ko ludayi ɗaya ba, kuma sau da yawa sai ta ga na gama ci take tuna ita ba ta ci ba.

Ki duba mani ita, jini da komai, ki ce mata al'adar gidanki ce ga kowane baƙo. Ki zaunar da ita. Za ta nemi tsintsiya, ki ɓoye. Za ta nufi madafi, ki tare ƙofa. Tana son dambun zogale da man gyaɗa mai yawa, amma ba za ta faɗa ba.

Na ce mata ta dawo ran Asabar. In kin ga tana barci sosai, ki gaya wa Ya'u sai Talata. Zan iya dafa wa kaina kunu.

Yayanki,
Hashimu